Hular kwano: ba kowace roba ke kare kai ba

A 2009, da Najeriya ta tilasta ma 'yan kabu-kabu sa hular kwano, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a ka. An sha dariya, amma jabun hular da ake talla cikin kasuwanninmu da sunan "'yar Turai" ba ta fi ƙwaryar ba. Mai bin ƙa'idar Turai tana da soso mai tauri a ciki, da maɗauri mai ƙarfi ɗauke da harafin E cikin da'ira. Dokar kare masu saye ta 2015 tana nan. Saura hukuma ta binciki kayan tun daga duwan. 'Yan kasuwa, kada ribar jika guda ta sa mu saida ma ɗan maƙwabci ajalinsa.