Wa Ke Renon Yaran Ƙwallon Kaduna, Wa Ke Cin Moriyarsu?



Duk sanda aka kusa buɗe kakar wasa, gardama ɗaya ce ke dawowa majalisun 'yan ƙwallo a Kaduna, daga teburan masu shayi na Kawo har gidajen kallo na Unguwar Sarki da Badarawa. Wasu na cewa a fito da kuɗi a sayo gogaggun 'yan wasa daga Kano da Jos da Aba, a hau gasar firimiya a zauna daram, a daina wasa da hankalin magoya baya. Wasu kuma na cewa ina amfanin sayayya, ga yara nan a unguwa kamar jamfa a Jos, a kwaso su a zuba. Kowane ɓangare na da hujjarsa, shi ya sa har gobe ba a tashi da matsaya ba. Mu a namu ganin, dukkansu sun tsaya ne a kan tambayar wa za a ɗauka. Tambayar da ta fi damun Kaduna kuwa ita ce me ake yi da yaro bayan an ɗauke shi, kuma sunan wace ƙungiya ce ke kan takardarsa.

Bari mu fara da abin da babu gardama a kansa. A tawagar 'yan wasa 18 da suka ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, biyar 'yan Kaduna ne: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel Babayaro. A wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2, Celestine ne ya ci ta farko, Amokachi ya ci ta biyu. Kafin nan Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofunan ƙalubale na Afirka a 1988, inda Bizertin ta Tunisiya ta doke ta, sannan a 1989 ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma. Daga wannan ƙungiya Amokachi ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Garin da ya yi wannan ba za a ce ƙasarsa ba ta fitar da 'yan ƙwallo ba.

Sai kuma zamanin da da yawa daga cikinmu muka gani da ido muna yara. Kaduna United ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2010 bayan ta doke Enyimba da bugun fenareti, ta kuma kai matakin rukuni a gasar kofin Confederation ta Afirka a 2011. A kakar nan ne Jude Aneke ya ci mata ƙwallo 20 a gasar firimiya, ya goge tarihin ƙwallo 18 da Ahmed Musa ya kafa a Kano Pillars. Efe Ambrose da Reuben Gabriel, waɗanda ke cikin tawagar da ta ɗauko kofin Afirka a 2013, duk sun sa rigar Kaduna United. To amma a 2014 ƙungiyar ta faɗi daga firimiya. Kada City ta hau a 2019, amma ko kaka ɗaya ba ta kammala ba ta sayar da gurbinta. Tafiyar gwanaye ba laifi ba ce, duk duniya haka ake yi. Abin tambaya shi ne, da suka tafi, su wa aka tanada a bayansu? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa a kwaso yaran unguwa suna ɗaukar cewa da zarar an zaɓo yaro mai ƙafa, magana ta ƙare. Akwai darasi a wata gasa da ba mu saba kallo ba, wato hokin ƙanƙara na Kanada da Amurka. A can ba kowace ƙungiya ke zuwa ta sayi yaron da take so ba. Duk shekara ƙungiyoyi 32 na zama su raba matasa masu tasowa, 'yan shekara 18 zuwa sama, bi da bi har zagaye bakwai, kuma waɗanda suka fi rauni a kakar da ta wuce su ne suka fi damar fara zaɓa. Edmonton Oilers ta samu zaɓin farko a 2010 da 2011 da 2012, sannan a 2015. Duk da haka ta yi kaka goma a jere, har zuwa 2016, ba ta shiga zagayen neman kofi ba. Nail Yakupov da ta ɗauka na ɗaya a 2012 bai kai inda aka yi zato ba, a ƙarshe ya koma buga wasa a Rasha. Magoya bayanta sun yi shekaru suna irin gardamar da muke yi: zaɓin ne bai yi ba, ko renon? Idan ƙungiyar da aka ba ta damar ɗaukar yaron da ya fi kowa har sau huɗu ta sha wannan wahala, ina ga wadda ke tara yara ɗaruruwa a fili ɗaya, ta ba kowa minti ashirin, ta ce ta yi tantancewa?

Irin wannan tantancewa ita ce al'adarmu. Ana saura makonni a fara gasa za a yi shela, yara su taho daga Malali da Hayin Banki da Unguwar Shanu da Kabala, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. Wanda ƙwallo ta biyo ta wajensa a mintunan nan ya dace, wanda ba ta biyo ba ya koma gida. Na hannun wani babba ya wuce ko bai taɓa ƙwallo ba. Waɗanda aka ɗauka kuma su ƙare kakar a benci, domin koci na tsoron kujerarsa. Kaka ta gaba a sake sabon lale. Yaro ɗan shekara 17 da ya yi wata tara bai buga wasan gasa ba, ba ci gaba ya yi ba, baya ya koma.

Yanzu ga maganar da ba a cika kawowa a majalisa ba, maganar kuɗi. A dokar hukumar FIFA, duk sanda aka sayar da ɗan wasa yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tun daga shekara 12 zuwa 23, matuƙar cinikin tsakanin ƙasa da ƙasa ne, ko kuma ƙungiyar da ta rene shi tana wata ƙasa daban. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. Mu ɗauki ciniki irin na Sadiq Umar, ɗan Kaduna, wanda Real Sociedad ta saya daga Almería a 2022 a kan kimanin yuro miliyan 20. A ciniki mai wannan girma, kason masu reno yuro miliyan ɗaya ne. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 15 kaɗai tana da yuro 200,000, kowace shekara ɗaya daga 16 zuwa sama kuma yuro 100,000. Kuma ba sau ɗaya ake biya ba, duk sanda aka sake sayar da shi sai an sake fitar da kason. Ku lissafa da naira ku ga rigunan yara nawa, ƙwallaye nawa, albashin koci na shekara nawa.

Sai dai kuɗin nan takarda yake bi, ba ya bin labari. Tun Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke karɓar irin wannan kuɗi ya raba, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar yaro: wace ƙungiya ce ta yi masa rajista da hukumar ƙwallo, daga yaushe zuwa yaushe. Kocin unguwa da ya yi shekara biyar yana fitowa da asuba, yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda daga aljihunsa, idan ƙungiyarsa ba ta da rajista, a idon doka bai yi komai ba. Sai dillali ya zo da mota, ya ba iyaye ɗan abin da ya sawwaƙa, ya kai yaron wata makarantar ƙwallo a Abuja ko Legas, a rubuta sunansa a can. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ga shi kuma doka ta hana fitar da yaro zuwa ƙungiyar waje kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan dalilai. Ma'ana shekarun da suka fi muhimmanci a renonsa a gida zai yi su ko ana so ko ba a so. Me zai hana ya yi su a Kaduna, da sunan ƙungiyar Kaduna?

Ba mu raina hujjar masu son a sayo gogaggu ba. Gasar rukuni na biyu a Najeriya ba wurin wasan yara ba ce. Tafiyar kwana a mota, fili mai tudu da kwari, 'yan kallon gida a kan layi, alƙalin wasa cikin fargaba. Wanda bai saba ba zai rikice. Dole a samu mai tsaron raga da 'yan baya da suka ga jiya suka ga yau. Koci kuma ya san in ya faɗi wasa uku a jere za a nuna masa hanya, don haka ba zai yi kasada da yaro ba. Wannan duk gaskiya ne. Amma sayayya zalla tana cin kuɗi ne ba ta haifar da kuɗi. Ɗan wasa mai shekara 30 da aka ba kwantiragin kaka ɗaya, in kaka ta ƙare ya ɗauki jakarsa, ƙungiya ba ta da ko sisi a kansa. Ranar da mai ɗaukar nauyi ya gaji ko gwamnati ta sauya, sai a wayi gari babu 'yan wasa, babu asusu.

Wasu sun gwada ɗaya hanyar, mun kuma ga sakamako. ASEC Mimosas ta Abijan ta buɗe makarantar yara a 1994 ƙarƙashin Jean-Marc Guillou. A 1999 ta zuba yaran nan a wasan Super Cup na Afirka suka doke Espérance ta Tunisiya da ci 3 da 1. Daga nan Kolo Touré da ƙaninsa Yaya da Emmanuel Eboué da Salomon Kalou suka fito. Shekara biyar aka jira kafin a ga amfanin farko. A nan gida, Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun tana da makarantar Beyond Limits a gefenta. Yaran sun je Italiya sun ɗauko kofin Viareggio a 2024, uwar ƙungiyar kuma ta ci gasar firimiya a 2025. Ikenne ba ta kai rabin rabin Kaduna yawan jama'a ba.

Akwai kuma wata cuta da sai mun faɗa wa kanmu gaskiya a kanta, wato rage shekaru. A 2016 yara 26 na tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin ƙashi ana dab da wasa da Nijar, Nijar ta kuma fitar da mu. Duk wanda ya sa ɗan shekara 21 a gasar 'yan 15, kofin ranar ya ci, amma ya kori ainihin yaron da ya kamata a rena. Yayye da iyaye, mu daina taimaka wa yara su yanke shekaru. Ƙungiyar waje da ta gano ƙarya sau ɗaya ba ta sake waiwayar garin.

To me muke nema? Daga Ranchers Bees, wadda Sadiq Umar ya shiga cikin masu riƙe da ita, da Kaduna United da duk wata ƙungiya mai ɗauke da sunan garin nan, muna neman kowacce ta riƙe tawagar 'yan ƙasa da 15 da ta 'yan ƙasa da 17 na dindindin, da koci mai albashi, ba tawagar da ake haɗawa ranar da aka ji gasa ba. Su ƙulla yarjejeniya a rubuce da ƙungiyoyin unguwa: ka kawo yaro, sunanka na kan takarda, in an sayar kana da kaso. Su ba koci wa'adin da zai iya sa yara biyu ko uku a fili ba tare da tsoron kora ba. Daga hukumar ƙwallo ta jiha muna neman gasar yara ta mako-mako mai tsayin watanni, tare da sauƙaƙa rajista ga masu ƙungiyoyin unguwa da wayar musu da kai a kan haƙƙinsu. Kuma kada a cire yaro daga makaranta saboda ƙwallo, domin a cikin ɗari da wuya a samu ɗaya da zai ci abinci da ita.

Mu ma magoya baya muna da namu kason. Mun san sunan yaron da ke tasowa a makarantar Barcelona, amma ba mu san na layinmu da ke atisaye a Murtala Square ba. Muna biyan kuɗin gidan kallo duk Asabar da Lahadi, amma kuɗin ƙofar filin Ranchers Bees ko na Ahmadu Bello sai mu nemi a shigar da mu kyauta. In koci ya yi ƙarfin hali ya sa yaro, ya ɓarar da ƙwallo ɗaya, mu ne na farko da za mu yi masa ihu mu ce a cire shi. Ba za mu nemi haƙuri daga shugabannin ƙungiya ba alhali mu ba mu da shi.

Mai ƙungiyar unguwa da ke cikinmu, kafin wata kaka ta kama, ka je ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ka tambayi yadda ake rajista, ka rubuta sunayen yaranka da ainihin ranakun haihuwarsu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Masu ganin sayayya ce mafita kuma, fili naku ne, ku kawo hujjarku cikin mutunci kamar yadda muka saba.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya dawo wa Kaduna da martabarta. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.