Mawaƙanmu na Sabon Wuse, mabiyan TikTok ba sa cika kujeru

Da an yi hutun semesta ko na Sallah, ɗalibanmu na Minna da Lapai da Bida da Gwagwalada sun dawo gida, sai ka ga 'yan uwanmu mawaƙa sun fara shirya wasa. A buga fosta, a cika WhatsApp da talla, ranar wasa kuma kujerun haya su fi mutane yawa. Washegari ga bashi, ga ƙorafi: wai mutanenmu ba sa son nasu, da Hamisu Breaker ne ko Ado Gwanja ya zo Abuja da gudu za su je.

Gaskiya ban yarda da wannan ƙorafin ba. Wanda ya danna maka alamar so a waya bai kashe ko sisi ba. Wanda zai zo wasanka kuwa sai ya nemi izini a gida, ya biya kuɗin mota da na ƙofa. Abin da yake so ya sani kafin ya fito shi ne: za ka cika alkawarin da ke kan fostarka?

Mu fara da lokaci. Fosta ta ce ƙarfe 4, ba a kunna lasifika ba sai ƙarfe 9. 'Yar'uwar da ta ce wa mama za ta dawo kafin isha'i fa? Wanda ya zo daga Suleja ko Gauraka, da wace motar zai koma a kan titin Abuja zuwa Kaduna da tsakar dare? Sau ɗaya za ka yi musu haka, ba za su sake zuwa ba. Ku fara bayan la'asar, ku gama kafin magariba. Ku zaɓi Asabar ko Lahadi, don masu aiki a Abuja ba sa isowa da wuri ranakun aiki saboda cunkoson Zuba da Madalla. Kada ku saka wasa cikin azumi, ko lokacin da rabinmu ke makaranta muna jarrabawa.

Sai batun mamin. Don Allah, a ce na biya kuɗi in zo in kalli DJ ya saka waƙar da ke cikin wayata, kai kana motsa baki? Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe taro. Shata da 'yan kalangu, Barmani Choge da ƙwarya. Abin da ake zuwa gani a wajensu ba a samunsa a kaset: mawaƙi ya dubi taro ya ƙirƙiri baiti nan take, ya kira sunan unguwarku. Har yau akwai makaɗan kalangu da ke bin bukukuwa a yankin nan, akwai yaran da suka iya fiyano da ganga a coci. Ku nemo su, ku yi atisaye ko na mako biyu ne. Waƙa uku da murya ta gaskiya sun fi goma na mamin.

Kuma ku tuna garin da kuke. Sabon Wuse hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa ce, akwai Gbagyi, akwai Hausawa da Fulani, ga baƙi daga ko'ina da aikin Abuja ya kawo. In duk masu hawa dandamali abokanka ne 'yan layinku, 'yan layinku kawai za ka gani. Saka mai waƙar Gbagyi, saka mai rap, saka mai barkwanci. Kowa da jama'arsa zai zo.

Na san za a ce duk wannan kuɗi ne. Haka ne, shi ya sa bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ba. Ku haɗu ku huɗu ku raba kuɗin janareta da kayan sauti. Ku kama ƙaramin zaure ku cika shi, ya fi ku kama fili a riƙa ƙirga ku daga nesa. Ku sanar da mai unguwa da 'yan sanda, ku ajiye 'yan banga a ƙofa, a ware wa mata wurin zama. Ku sayar da tikiti tun kafin ranar ta hannun ƙungiyoyin ɗalibai, don wanda ya riga ya biya ba ya fasa zuwa. Sannan ku riƙe wuri ɗaya duk hutu, har mutane su saba.

Mu ma ɗalibai akwai namu. Wannan "ai abokina ne, bari in shiga kyauta" ita ke kashe yaran nan. In abokinka ne, kai ya kamata ka fara biya. In ba haka ba, masu basirar cikinsu za su tattara su koma Kano ko Kaduna, mu dawo muna biyan kuɗin mota don mu je kallonsu.

Wanda ya san mawaƙin da ke shirin wasa a hutun nan, ya tura masa wannan.