Wa Ya Tambayi Badura Dalili?

A wannan watan zan ɗan kauce daga karatun da muka saba, in ɗauko maku tatsuniya. Kada ki yi saurin juya shafi uwargida, domin kuwa maganar da ke cikinta tana nan zaune a tsakar gidanki, ko a gidan maƙwabciyarki.

Labarin Ƙamaruzzaman da Badura nake nufi. Asalinsa yana cikin Alfu Laila wa Laila, wanda aka buga fassararsa da Hausa da sunan Dare Dubu da Ɗaya tun shekarar 1924, amma yawancinmu a littafi na biyu na Magana Jari Ce na marigayi Abubakar Imam muka fara haɗuwa da shi. Ni kam ina cikin masoyansa. Na karanta shi da fitilar ƙwai ina 'yar firamare, na yi wa Badura kuka, har yau kuma in na ɗauko ba na iya ajiyewa sai na kai aya. Saboda haka sukar da zan yi masa suka ce ta mai so, irin wadda uwa kan yi wa ɗanta.

Ga wadda ta manta, ga shi a taƙaice yadda ya zo a Larabcinsa. Ƙamaruzzaman ɗan sarki ne tilo, kyakkyawa na ƙin ƙarawa. Sau uku mahaifinsa yana yi masa maganar aure yana ƙi, hujjarsa wai ya karanta makircin mata a littattafai. A karo na uku ya mayar wa uban baƙar magana a gaban fadawa, aka kulle shi a wani tsohon soro. Can kuma a ƙasar Sin akwai Badura, 'yar Sarki Gayur, ita ma ta ce ba ta yin aure, domin ita mai mulki ce, ba ta ga dalilin da wani namiji zai mulke ta ba. Ita ma aka tsare ta a ɗaki, aka sa tsofaffi goma gadinta. Rannan da dare aljana Maimuna da ifiritu Dahnashu suka yi gardamar wane ne ya fi kyau tsakanin yaran biyu, sai suka sunkuto Badura tana barci suka shimfiɗe ta kusa da shi don su gwada. Suka ta da wannan ya ga waccan, suka ta da waccan ta ga wannan, zobba suka sauya hannu, kafin asuba aka mayar da ita ƙasarsu. Gari na wayewa kowannensu ya zauce. Ita har sarƙar ƙarfe aka ɗaure ta da ita shekara uku, duk bokan da ya zo magani ya kasa a sare masa kai, sai da ɗan'uwanta na shan nono, Marzawan, ya bazama duniya ya gano saurayin, aka haɗa su aka yi biki.

Abin da ya ta da maganar shi ne, kwanakin baya ruwan sama ya tsare mu a ajin matan aure a nan Anka bayan an tashi karatun la'asar, sai na ce bari in ɗebe masu kewa da wannan labari. Matasan ajin suna ta murmushi, ana "Allah sarki". Da na kai wurin biki, sai wata dattijuwa da rashin tsaro ya koro daga wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum ta gyara zama ta ce, "Malama, to ita ɗiyar ga, wa ya zamna ya tambaye ta mi ad dalili?" Na ce, "Inna, ai ta faɗa, mulki ne ba ta son a yi mata." Ta ce, "Wanga ta hwaɗa ma ubanta cikin hushi. Ina uwatta?" Wallahi na yi shiru. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da labarin nan, ban taɓa lura ba cewa babu wanda ya ja yarinyar gefe ya saurare ta.

Da na koma gida na sake bibiyarsa, sai na ga abin da ya fi wannan. Tun kafin wani aljani ya taɓa Badura, tun tana cikin hankalinta sarai, mahaifinta ya aika wa sarakunan da ke neman aurenta takardu cewa 'yarsa ta samu taɓin hankali. Kin ji fa. Kalmar "a'a" kaɗai ta furta aka rubuta mata hauka. Ashe a idon labarin, mai ƙin aure ɗayan biyu ne, ko mai girman kai ko mai taɓuwa, maganinsa kuma kulle.

Yanzu ki ajiye ƙasar Sin ki dawo Gummi ko Nasarawar Burkullu. Yarinya ta ƙi manemi na farko, ta ƙi na biyu, me muke cewa? Namijin dare gare ta. Aljani ya aure ta. An yi mata kurciya. Daga nan sai hayaƙi da rubutu da zaryar gidan masu ruƙiyya, wani lokaci har gidan boka, wa'iyazu billahi. Kada a fahimce ni a baibai: aljanu gaskiya ne, sura guda ke ɗauke da sunansu a Alƙur'ani, ruƙiyya ta shari'a kuma sunna ce. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda muke tsallake tambayar da ba ta cin ko kwabo, mu tafi ga maganin da ke cin tunkiya. Na san wata yarinya a Gummi da aka shekara ana yi mata turare. Ranar da gwaggonta ta kwana ɗaki ɗaya da ita ta lallaɓa ta, sai ga magana ta fito: yayarta ce aka aurar, ta yi doguwar naƙuda a gida, ta samu yoyon fitsari, mijin ya aiko da takardar saki, ita kuwa ƙanwar ita ke wanke mata zannuwa. Tsoro ne tsagwaronsa. Wane hayaƙi ne zai fitar da wannan?

Sai kuma yadda labarin ya siffanta so. Waɗannan yara ba su taɓa musayar kalma ɗaya ba. Bai san sunanta ba, ba ta san addininsa ba, fuska ce kawai a hasken kyandir, shi ke nan sai zaucewa da sarƙa da kawunan mutane a rataye a ƙofar fada. Har kamun kan da Ƙamaruzzaman ya yi a daren, wanda ake yaba masa, in kin duba da kyau, zargi ya yi ko tarko ne mahaifinsa ya ɗana masa yana laɓe yana kallo. Musulunci bai hana so ba, bai kuma raina kallo ba. Manzon Allah (SAW) ya umurci Mugira ɗan Shu'uba (RA) ya je ya ga matar da yake nema don zamansu ya fi ɗorewa, kuma Ibn Majah ya ruwaito cewa ba a ga abin da ya dace da masoya biyu kamar aure ba. To amma aya ta 21 a Suratur Rum da ta zo bayanin aure, natsuwa ta ambata da ƙauna da jinƙai. Natsuwa ita ce kishiyar halin da aka nuna mana Badura a ciki. 'Ya'yanmu sun sha irin wannan hoton a tatsuniya, sun sha a finafinan Indiya da littattafan soyayya, har ta kai yarinya na ganin in ba ta daina cin abinci a kan saurayi ba, to ba so ba ne. Wadda kuma aka kawo mata mutumin kirki zuciyarta ba ta yi tsalle ba, sai ta ɗauka ba rabonta ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai yana can ƙarshe, inda masu ba da labarin da yawa ba su kaiwa. Ƙamaruzzaman ya ƙara aure da Hayatun Nufus, kowace ta haifi ɗa namiji, Amjadu da As'adu. Da yaran suka girma, sai aka ce wai kowace mata ta kamu da son ɗan kishiyarta, da samarin suka ƙi, suka ƙulla masu sharri wurin uban har ya ba da umurnin a kashe su. Wato Badurar da ta yi shekara uku a sarƙa saboda mutum ɗaya, ita ce aka mayar haka. Mai labarin ya zagaya ya zagaya, ya dawo ya gaskata maganar da yaron ya yi tun farko cewa mata ba abin yarda ba ne. Ina jin da mace ce ta tsara wannan yanki, da ba haka ya ƙare ba.

Kada wata ta ce Malama ta ɗaure wa ƙin aure gindi. Sam. Babu ruhubananci a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Usman ɗan Maz'un (RA) ya nemi izinin yanke wa kansa aure don ibada, Annabi (SAW) ya hana shi, haka kuma ya tsawata wa mutum ukun nan da ɗayansu ya yi alwashin nisantar mata har abada, ya nuna masu cewa aure sunnarsa ce. Wanda ya bar aure yana ganin hakan ya fi tsarki, ko yana ƙyamar jinsin mata ɗungurungum irin Ƙamaruzzaman, ya kauce hanya. Sai dai tsakanin wannan da wanda aure bai samu ba, ko yake da uzuri, akwai tafiya mai nisa, kuma tafiyar nan ce labarin ya share. Malamanmu na Malikiyya sun ce aure na iya zama wajibi a kan wani, mustahabbi ga wani, halal kawai ga wani, har ya zama makaruhi ko haramun ga wanda zai cutar da abokin zama. Aya ta 33 a Suratun Nur ta umurci waɗanda ba su samu halin aure ba su kame kansu har Allah Ya wadata su, ba ta kira su marasa lafiya ba. Imam Nawawi, mai Arba'una Hadisin da muke haddacewa a Islamiyya, ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira bai yi aure ba. Karima al-Marwaziyya, wadda manyan malamai suka yi ta zuwa Makka suna karɓar Sahihul Bukhari a wurinta, ta rasu a 463 ita ma ba ta taɓa aure ba. Shaihu Abdulfattah Abu Gudda littafi guda ya rubuta a kan irin waɗannan malamai.

Game da tilas kuwa, na san abin da ke cikin Risala, cewa uba na da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kuma ban isa in ja da wannan a fili irin namu ba. Amma malaman mazhabar sun so ya shawarce ta, ikon kuma don maslaharta aka ba shi. Khansa'u 'yar Khizam (RA), bazawara ce mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren. Barira (RA) kuma da aka 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, yana bin ta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) da kansa ya sa baki, ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta da bukata. Ba a kulle ta ba, ba a ce aljanu ne suka shiga tsakani ba.

Wannan magana ta fi nauyi a yankinmu fiye da wurare da yawa. Hare-haren watan Janairu na 2022 kaɗai a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun bar mata masu yawa da takaba, ban da na kafin nan da na bayansa. Bazawara mai 'ya'ya huɗu tana gama idda sai a fara: zaman me take yi, ai mace ba ta zama haka. Wata tana son auren, manemin ne babu, gorin da ake mata ƙari ne a kan ciwo. Wata kuma manemin ya zo amma ya ce ban da 'ya'ya. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nemi auren Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib (RA), ta ba da uzurin girma da ɗawainiyar yara, shi kuwa ya yabi matan Ƙuraishawa da tausayin 'ya'yansu. In mafificin halitta ya karɓi wannan uzuri, wane ne kawu ko baffa da zai ƙi karɓa?

Tambayar ma tana da ladabinta. Ba a tsakar gida ba, ba gaban kishiya ko ƙanne ba, ba kuma a ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ba. In kin san tana jin nauyinki, tura gwaggo ko kaka ko malamarta. Kada a fara da "me ya sa kika ƙi wane", a fara da abin da take tsoro. In ta faɗi wani aibu na manemin, shaye-shaye ne ko wasa da salla ko saurin hannu, a bincika kafin a ƙaryata ta. In ciwo ne a jikinta take ɓoyewa, asibiti za a nufa. Sannan ke uwa ki kai wa mahaifinta maganar a lokacin da ransa ke kwance, don sau da yawa abin da ya sa uba ke kafewa shi ne ya riga ya amsa wa mutane, yana jin kunyar janyewa.

Ashe ita ma dattijuwar nan ba don Badura kaɗai ta yi tambayar ba. Bayan mako biyu ta tsaya bayan an watse, ta ce mini 'yarta ce mijin ya rasu a harin ƙauyensu, 'yan uwan uban suna matsa mata ta auri wani mai shago, ita kuwa kullum sai kuka. Ta ce daren da muka yi labarin ta zaunar da ita, sai yarinyar ta ce ba ta ƙi mutumin ba, yaye take so ta yi tukuna, kuma a yarda ta tafi da babbar 'yarta. Inna ta aika wa baffannin da wannan, sun ce za su yi magana da shi bayan an kawar da amfanin gona. Ta roƙe ni aron littafin, ta ce jikanta zai karanta mata yankin Amjadu da As'adu, don tana so ta ji da kunnenta abin da aka ce matan sun yi.