Jarumarki ta gasa tuffa, amma a wace tukunya?

Makalar wannan makon a kicin za ta tsaya, kuma da ku mata zan fi yin magana, don ku kuka fi rubuta irin fagen da nake nufi. Maza ma kada ku wuce, abin ya shafe ku.

Duk mai bin littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san fagen nan. Amarya tana son ta sace zuciyar miji, ko ta ƙure uwargida, sai ta shiga kicin. Layi biyu kacal, sai ga ta ta fito da tire shaƙe da abinci masu sunayen Turanci, wani sunan ma an rubuta shi iri uku a shafi ɗaya. A ƙarshen jerin akan saka kayan zaƙi, kek ko wata gasasshiyar tuffa irin ta Amurkawa. Miji ya ɗanɗana, ya lumshe ido, an wuce wurin. A ganina wannan fage yana cikin mafi rauni a rubutunmu, kuma dalilin rauninsa shi ne marubuciyar ba ta taɓa tsayawa a gaban abin da ta ce jarumarta ta dafa ba. Sunan ta aro, ba ta aro aikin ba.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa Bahaushiya ba ta da ikon cin abin da ya zo daga waje. Shayi baƙo ne, burodi baƙo ne. Mangwaron da muke jifa tun muna yara asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta yake, gyaɗar da ta yi dala a Kano daga Kudancin Amurka ta fito. In za a kori baƙi daga madafin Bahaushe, tukunyar ma kusan wayam za a bari.

To mu ɗauki gasasshiyar tuffar nan mu duba ta da kyau. Sunanta a Turance yana nufin tuffa mai ɓawo garas-garas a sama. Ana yayyanka tuffa a zuba a kwano, a murje fulawa da sukari da bota har su yi tsaki-tsaki, a barbaɗa a kai, a gasa. Shi ke nan. Ta fara bayyana a littattafan girkin Amurka a wajajen 1924. 'Yar uwarta ta Ingila, wadda suke kira kirambul, ta yi tashe ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan gwamnatinsu ta fara raba bota da sukari da awo a watan Janairun 1940. Matan gida suka ga kayan da ke hannunsu ba za su isa a yi kwaɓin da ake lulluɓe tuffa da shi sama da ƙasa ba, sai suka koma barbaɗa ɗan abin da ya samu a sama kawai. Tuffar kuwa a bayan gida take zuba ƙasa idan kakarta ta yi. Wato abincin mai lallaɓa rayuwa ne, na macen da ta duba abin da ke gabanta ta yi dabara.

Yanzu ku kawo shi Kankiya. Bishiyar tuffa tana buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyi mai tsanani kafin ta yi fure yadda ya kamata, irin sanyin da hunturunmu ba ya kaiwa. Ana ɗan noma ta a tudun Jos, amma yawancin wadda kuke gani a tiren masu talla a bakin titin Kano zuwa Katsina daga ƙetare take, galibi Afirka ta Kudu. Ta hau jirgin ruwa a cikin kwantena mai sanyi, ta sauka Legas, ta biyo mota zuwa Kano, kafin ta iso hannun yaron da ke miƙo ta ta tagar mota. Shi ya sa ake sayar da ita ɗaya-ɗaya, shi ya sa kuma aka fi kai ta asibiti dubiya. Kwano guda na wannan gashi yana cin tuffa biyar ko shida. Matar malamin firamare a Kusada da ta zuba tuffa shida a kwano ta gasa, ranar akwai magana a gidan, kuma maganar ita ce labarin da ya kamata ki ba mu. Ke kuwa kin tsallake ta kin kai mu ga lumshe ido.

Wata za ta ce, ai jarumata ba matar malamin firamare ba ce, a gidan attajiri take a Abuja, kuma masu karatu suna son su huta da talaucin da ke gabansu. Wannan magana ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Mai karatu da ta wuni tana fama da icen girki tana da haƙƙin ta shiga gidan da firji ke cike. Amma ko mafarki sai da kaya a cikinsa yake zama mafarki. In kin ce obin ne, mu ji zafin da ya bugi fuskarta da ta buɗe shi, mu ga ta tsaya tana duba ko saman ya yi ja. In 'yar ƙauye ce da aure ya kai ta gidan, mu ga hannunta yana neman muciya a inda babu muciya. Jerin sunaye ba ya kai mai karatu ko'ina.

Bari in nuna abin da nake nufi da aikin hannu, da kayan da ake samu a kasuwar Kankiya idan bazara ta yi, lokacin da kuɗin tuffa ɗaya zai saya miki kashin mangwaro. Ki sami mangwaro huɗu ko biyar masu tsoka marasa zare, waɗanda suka nuna amma ba su yi luguf ba. Ki fere, ki yanka manya-manya, ki matsa rabin lemon tsami a kai, ki barbaɗa cokali ɗaya na fulawa da ɗan garin citta ko kirfa, ki juya. Lemon tsamin dole ne, don tuffa tana zuwa da tsaminta, shi kuwa mangwaro zaƙi ne zalla, in babu abin da zai tare shi sai ya gundure ki a cokali na uku. Fulawar kuma ita ke kama ruwan da zai tsatso, ya yi kauri maimakon ya kwanta tsululu a gindin kwano.

Na sama kuwa, gwangwanin madara ɗaya na fulawa, rabin gwangwani na soyayyar gyaɗa da aka ɗan daka ba ta yi laushi ba, rabin gwangwani na mazarƙwaila da aka kankare, ɗan gishiri, da cokali huɗu na bota ko ɗanyen man shanu. Na ce ɗanye, don wanda aka soya da albasa na tuwo ne, in ya shiga nan ya gama da ke. Sharaɗin shi ne man ya kasance a daskare. Ki riƙa murzawa da kan yatsu har ya yi kamar tsakin masara, kada ki kwaɓa. Idan man ya narke ya jiƙa fulawar, abin da zai fito danƙararren kwaɓi ne mai tauri. Ga kuma inda Kankiya ta bambanta da Ingila: a watan Afrilu bota ba ya jiran kowa, sai kin ɗora kwanon a cikin ruwan randa kina aiki da sauri.

Saura wuta. Mai obin za ta sa shi a digiri 180 ta ba shi minti 35 zuwa 40. Wadda ba ta da shi, ko take da shi amma babu lantarki, ta san hanyar da mata suka daɗe suna gasa kek a gwangwanaye: babbar tukunya, yashi mai tsabta a gindi, a bari ya yi zafi, a ɗora kwanon a kan 'yan duwatsu uku, a rufe. Sai dai a nan akwai tarko. Mangwaro yana fitar da tururi, tururin ya taru a murfi ya ɗigo, saman da ake son ya yi garas ya koma laɓo-laɓo. Maganinsa a zuba garwashi a kan murfin don wuta ta zo ta sama, a kuma ɗan karkace murfin a mintuna goma na ƙarshe tururin ya fice.

Ku ƙirga kalmomin aikin da suka shigo waɗannan sakin layi uku: fere, yanka, matsa, barbaɗa, kankare, murza, kwaɓa, tsatso, karkace. Ba ɗaya da aka aro. Kowace kuma ƙofa ce ta labari. Kishiya tana iya ɗage murfin da gangan. Uwar miji tana iya wucewa ta tambayi wanda ya ce a ƙona mata gawayi a kan mangwaron da yara ke sha a banza. Jarumar da ta san ta sa kwano a ruwan randa, mun riga mun san wace irin mace ce ba sai kin ce mana tana da hankali ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi wa namu kayan zaƙin. A littattafan nan alkaki da nakiya da dubulan ba sa fitowa sai ranar kai gara, a lissafa su a layi ɗaya tare da buhunan shinkafa da jarkokin mai, kamar daga sama suke faɗowa. Alhali alkaki ya fi gasasshiyar tuffa wuya nesa ba kusa ba. Ɓarza alkama ake yi, a murje da mai, a kwaɓa a rufe ya kwana har ya yi tsami ya tashi, a kashe tsamin da ruwan kanwa, a naɗa shi da hannu ɗaya bayan ɗaya, a soya a wuta marar gaggawa, sannan a tsoma a zuma ko a dafaffen sukari da aka sa wa tsamiya ko lemon tsami don kada ya ƙanƙare. Kanwa ta yi yawa ya yi baƙi da ɗaci, ta yi kaɗan tsami ya rinjaya. Nakiya kuwa garin shinkafa ake soyawa, a haɗa da zuma ko sukari da man shanu da kayan yaji, citta da kanumfari da masoro, a kirɓa a turmi har hannu ya gaji, kuma tana yin watanni ba ta lalace ba. Wannan ilimi ne da ke hannun wasu tsofaffi a kowace unguwa, waɗanda ake kai wa aiki idan biki ya matso, da shi suke ci da kansu da jikokinsu. Yarinyar da ta tashi tana karanta cewa wayayyiyar mace kek take gasawa, alkaki kuwa kayan cikin roba ne da ake turawa ƙarƙashin gado, ba za ta je ta zauna gaban tsohuwar ta koya ba. Mu da muke rubuta abin da 'yan mata ke karantawa a waya har tsakar dare muna da hannu a wannan, ko mun so ko mun ƙi.

Kuma ta fuskar sana'ar rubutu kawai, asara muke yi. Daren da kwaɓin alkaki ke kwana a rufe, uwar amarya ba ta san ko zai tashi ba, ga baƙi gobe, ga kuɗin alkamar ma bashi ne, wannan dare ya isa babi guda. Ba kya buƙatar hatsarin mota ko aljani don ki riƙe mai karatu a wurin. Abin da kike buƙata shi ne ki je gidan mai yin alkaki da littafinki, ki yi sallama, ki ce Inna koyo na zo, ki zauna har a sauke kasko na ƙarshe. Za ki fito da kalmomin da babu su a ƙamus ɗin da ke wayarki.

Saura suna. In jarumarki ta gasa mangwaron nan, me za ta ce wa mijin ta yi? Sunan Turancin ba zai zauna ba, don babu tuffa a ciki. Ni dai ƙanzo ya tuna mini, abin da ke kamawa a gindin tukunya yara suna rububinsa, sai dai wannan a sama yake kamawa. Don haka a wurina sunansa ƙanzon mangwaro. Mutanen Kusada da Ingawa, in kuna da wanda ya fi shi zama a baki, ku kawo mu ji.