Ƙwaron Kogo da Jemage: Wa Ya Fi Bukatar Kariya?

A shekarar 1831 wani ma'aikacin kogon Postojna da ke ƙasar Sulobeniya, Luka Čeč, ya tsinci wani ƙwaro dangin buzuzu wanda tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba. Ba shi da ido, ba ya tashi, wuyansa siriri, cikinsa a kumbure. Shekara guda bayan haka Ferdinand Schmidt ya raɗa masa suna Leptodirus hochenwartii. A kogunan duwatsun yankin akwai kuma wani ƙaramin jemage mai hanci kamar kofaton doki, wanda nauyinsa bai kai giram 10 ba. Dokar Tarayyar Turai ta kare su duka biyun, amma hankalin jama'a ya fi karkata ga jemagen. A ganina ƙwaron ne ya fi cancantar a damu da shi.

Jemagen baƙo ne a kogo. Yana shiga don dogon barcin hunturu, da bazara kuma ya koma rufin coci ko tsohon gini ya haifi ɗansa guda. Idan aka takura masa a wannan kogo, yana da fiffiken da zai kai shi wani. Shi kuwa ƙwaron, a duhu ake haihuwarsa, a duhu yake mutuwa. Jikinsa ya saba da sanyi da laimar da ba sa canjawa, haihuwarsa kaɗan ce, abincinsa kuma ɗan abin da ruwa ke gangarowa da shi ta tsagogin dutse.

Saboda haka ƙofar ƙarfen da ake girkawa a bakin kogo don hana mutane tada jemagu ba ta wadatar da shi. Haɗarinsa daga sama yake sauka: takin zamani, ruwan ƙazanta, fasa dutse da sare daji. Dutsen farar ƙasa ba ya tace ruwa sosai, don haka abin da aka zubar a gona kan isa kogo da gubarsa.

Wannan ne ya sa nake ganin ƙwaron ya fi dacewa a auna lafiyar kogo da shi. Kare shi na nufin tsare ƙasar da ke bisa kogon, wato dazuzzukan da jemagen ke farauta a cikinsu, da ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutanen yankin ke sha. Hukumar da ta kashe kuɗinta a bakin kogo kaɗai ta bar rabin aikin ba a yi ba.