RA'AYINMU: Kasuwa Ce Za Ta Raya Lifidi Da Sulke

Duk shekara idan an sauko daga Idi, ko na ƙaramar Sallah ko na Layya, jama'a kan yi dafifi a ƙofar fadar Sarkin Damagaram da fadojin sauran sarakunan gargajiya domin kallon hawa. Ana kaɗa tambura, ana busa algaita da kakaki, mahaya suna fitowa cikin irin shigar da kakanninmu suke yi idan za su fita yaƙi. Sai dai duk mai lura zai ga cewa kayan da ke jikin dawakan da mahayansu sun fara sauya kama. Inda aka saba ganin jan fata ta jima, yanzu roba ce mai sheƙi. Inda aka saba cusa audugar rimi, yanzu soson katifa ne. Zaren da ake ado da shi kuwa na leda ne, wanda rana ɗaya ta bazara ta isa ta kashe masa launi. Wannan al'amari ya shafe ku kai tsaye, ku 'yan kasuwar Matameye maza da mata, domin ta hannunku fata da auduga da zare suke wucewa, kuma ta hannunku kayan robar suke shigowa.

Yana da kyau mu tuna asalin waɗannan kaya. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunarsa. A nan ƙasarmu kuwa, Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya tara dawaki da bindigogi da igwa har sunan Damagaram ya kai nesa. Bayan yaƙin Tirmini na 1899, inda sojan Faransa suka rinjayi rundunar Sarki Amadu Kuran Daga, zamanin yaƙi bisa doki ya ƙare a wannan yanki. Kayan yaƙin suka zama kayan hawa, wato abin da ake fitarwa ranar Sallah ko ranar tarbar babban baƙo domin na baya su ga yadda na gaba suka rayu.

Babu ɗaya daga cikin kayan nan da mutum guda yake gamawa shi kaɗai. Lifidi dai ƙyalle ne na saƙi da ake ninkawa biyu, a cusa masa audugar rimi, a bi shi da ɗinki layi-layi har ya yi kauri, ta yadda kibiya za ta maƙale a ciki ba ta taɓa jikin doki ko na mahayi ba. Kafin ya kai ga maɗinki, sai mace ta kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya rina. Sulke aikin maƙeri ne, dubban ƙananan zobba na ƙarfe da ake sarƙa kowane ɗaya da huɗu na kusa da shi, kuma in ba a shafa masa mai ba tsatsa ta cinye shi. Sirdi sai masassaƙi ya fitar da itacensa kafin baduku ya lulluɓe shi da fata. Linzami da likkafa na maƙera ne, ragama da majayi da kuben takobi da layun wuyan doki na dukawa ne, jalala da ɗauki-saka da alkyabba kuwa na masu ɗinkin hannu ne. Fatar ita kanta sai ta bi ta hannun majemi, ya jiƙa ta, ya cire gashi da toka, ya kankare, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya shafa mata mai, sannan a rina ta ja da karan dafi. Ashe ke nan doki ɗaya da ya fito cikin cikakkiyar shiga ya ciyar da gidaje da dama, tun daga mai kiwon akuya har zuwa tsohuwar da ke kasa bagaruwa a bakin kasuwa.

Mun san hujjar masu sayar da kayan roba, kuma ba mu raina ta ba. Suna cewa mai saye ne ke neman araha, rayuwa ta yi tsada, buhun hatsi ya fi ragamar doki muhimmanci, kuma ɗan kasuwa ba ya kasa abin da ba a tambaya. Wannan gaskiya ne. Haka kuma shekarun nan ba su yi wa fatauci daɗi ba. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya sake toshe hanya har zuwa Maris na 2024. Duk wanda ke bin hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano ya ji a jikinsa. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ragamar roba da aka saya bana, baɗi ta tsage an koma kasuwa, alhali ta fata in ana shafa mata mai, ɗa yakan gaje ta wurin ubansa. Wani abin dubawa kuma shi ne inda kuɗin yake tafiya. Jikar da aka ba baduku a Matameye, kafin magariba ta shiga hannun mai tuwo da mai itace da mai goro. Wadda aka ba kayan kwantena kuwa, ɗan abin da ya rage a gari shi ne ribar dillali, sauran ya haye teku.

Abin takaici shi ne muna yin wannan sakaci ne a kan abin da duniya ta daɗe da sanin darajarsa. Fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato ita ce ayari ke ɗauka su ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin arewacin Afirka, su kira ta fatar Maroko, su yi bangon littattafai masu tsada da ita. Har yau ana nemanta. Amma mu da muke kiwon akuyar, sau da yawa ɗanyar fata muke sayarwa a kuɗi kaɗan, wasu su jeme ta, su ɗinka, su dawo mana da ita a matsayin takalmi ko jaka da ninkin farashi. Fatun shanu kuma da yawa ba sa ma isa majema, ana babbake su a kai kudu a ci a matsayin ganda.

A ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyin mutane da suke kashe kuɗinsu domin a ƙera musu sulke da garkuwa da takalman fata irin na shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A Ingila, duk watan Oktoba sukan taru su kwaikwayi yaƙin Hastings na shekarar 1066, kuma masu shirya taron sukan duba kayan mutum kafin su bar shi ya shiga fili. Su sai sun tono littattafai da zane-zane kafin su gane yadda ake yin abin, domin sana'ar ta yanke musu tuntuni. Mu kuwa tamu ba ta yanke ba. Akwai dattawan dukawa da majema a Damagaram da Kano da Katsina waɗanda suka koya daga iyayensu, iyayen kuma daga nasu iyayen. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Idan baƙo ya taso daga nesa saboda wannan labari, ya zo ya tarar da soso da leda, me za mu ce masa?

Sai dai kada wani ya ɗauka hawan Sallah kaɗai zai riƙe waɗannan sana'o'i. Hawa sau biyu ne a shekara, wani lokacin ma ba a yi. A 2020 cutar korona ta hana taruka a wurare da yawa. A Kano rikicin sarauta ya sa hukuma ta hana hawa a Babbar Sallar 2024 da ƙaramar Sallar 2025. Mai sana'ar da ya zuba jarinsa duka a kan kayan doki, irin wannan shekara ina zai sa kansa? Hannun da ke ɗinka kuben takobi shi ne ke ɗinka takalmi da jaka da matashi da gafakar allo da littafi. Idan baduku yana samun cinikin waɗannan ƙananan kaya kowace ranar kasuwa, zai zauna a rumfarsa, zai ɗauki yaro ya koya masa, kuma ranar da hakimi ya aiko a gyara sirdi za a same shi. Idan bai samu ba, ɗansa zai sayi babur ya shiga kabu-kabu ko ya tafi ci-rani, kuma babu mai ganin laifinsa. Shi ya sa muke cewa makomar lifidi da sulke tana rumfunan kasuwa, a hannun masu saye da sayarwa.

Saboda haka muna da kira guda biyar.

Na farko, ga 'yan kasuwa masu sayar da kayan doki da takalma da jakunkuna. Ku sayar da abin da kuka ga dama, amma ku faɗi gaskiyar kaya. Roba a kira ta roba, fata a kira ta fata. Sayar da roba da sunan fata algus ne, addini ya hana, kuma shi ne ke karya farashin mai aikin gaskiya. Muna kuma roƙon kowane mai rumfa ya ware gefe ɗaya na kayan hannun mutanen gari, ko da kala biyu ne ko uku, domin abin da ido bai gani ba hannu ba ya kai masa.

Na biyu, ga iyayenmu mata. Mafi yawan awakin da ke cikin gidajen ƙasar Kance naku ne, don haka fatar ma taku ce. Ranar suna ko ranar Layya, ku sa ido a kan mai fiɗa. Fatar da wuƙa ta huda ko aka bari a rana tsaka ta ƙone, rabin kuɗinta ya tafi. A fiɗe ta a hankali, a cire kitse da nama, a sa mata gishiri ko a shanya ta a inuwa. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991 har wasu ƙasashe suka kwaikwaya, sun nuna abin da mata ke iya yi idan sun haɗa kai. Ƙungiya ɗaya tana iya tara fatun unguwa ta sayar a dunƙule, ko ta biya majemi ya jeme su kafin a kai kasuwa. Haka nan idan ana haɗa kayan ɗakin amarya, a tuna da matashin fata da tabarma da zanen saƙi na gida.

Na uku, ga masu dawaki da masu sarauta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kawo aikin sirdi ana saura kwana biyar Sallah, shi ya tilasta wa baduku ya yi masa aikin manne da gam. A ba da aiki tun da watanni, a ba da kafin alƙalami, a biya sauran ranar da aka karɓi kaya. Bashin da manya ke ci wa masu sana'a, a yi shekara ana zarya a ƙofar gida, yana cikin abubuwan da suka kori yara daga sana'ar iyayensu.

Na huɗu, ga gidajen da suka gaji tsofaffin kaya. Akwai dillalai da ke yawo ƙauye-ƙauye suna sayen tsohon sulke da takobi da likkafa a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, su fitar da su waje. Kowane tsohon lifidi da ya bar gari, samfur ne ya tafi, domin daga jikinsa ne maɗinki zai ga yadda aka yanka, da faɗin layi, da irin zaren. In talauci ya matsa dole sai an sayar, a fara tuntuɓar fada ko gidan adana kayan tarihi. In ba a sayar ba, a fitar da shi daga ƙarƙashin gado a kakkaɓe, a shanya, a kiyaye shi daga gara da ɓera, a kuma bar masu sana'a su gani su auna.

Na biyar, ga hukumar garin Matameye da shugabannin 'yan kasuwa. A ba dukawa da maƙera da masaƙa wuri sananne a cikin kasuwa, inda baƙo zai nufa kai tsaye. A sassauta haraji ga duk mai sana'ar da ya ɗauki yara yana koya musu. A ba majema fili da ruwa a bayan gari, domin warin jima kada ya zama dalilin korarsu. A taimaka wa masu aiki mai kyau su kai kayansu baje-kolin SAFEM na Yamai da sauran irinsa. Kuma tunda dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya dace malaman makaranta su zauna da dattawan masu sana'a su rubuta sunan kowane ɓangare na kayan doki da yadda ake yin sa, domin idan sana'a ta mutu, kalmominta ma binta suke yi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar a jira tallafi daga waje. Akuya tana gida, bagaruwa tana daji, rimi yana nan, dattawan da suka iya aikin kuma Allah ya bar mana wasunsu da rai, ko da yake kullum raguwa suke yi. Abin da ya rage shi ne ciniki, kuma ciniki a hannunku yake. Muna fata kafin Sallah mai zuwa shugabannin kasuwar Matameye za su kira dukawa da majema da ƙungiyoyin mata su zauna a kan wannan magana. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mai sana'a ladan guminsa, amin.