Bututun Kabon a Takarda, Dalma a Jinin Yara

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma tun da manyanmu sun ƙi ɗaga ta, mu za mu ɗaga.

A shekarar 1991 wani masani ɗan ƙasar Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wa duniya siraran bututu na kabon, wato sinadarin gawayi, waɗanda suka fi silin gashin kai siranta sau dubbai. Lantarki na bi ta cikinsu, kuma ɗan ƙwayarsu kaɗan yana da faɗin jiki mai yawa. Saboda haka, tun 1996 masana suka fara ɗora su a kan ilektirod, wato ɗan tsinken da ake tsomawa cikin ruwa ko jini domin a auna abin da ke ciki. Aikin ba sihiri ba ne. Idan dalma ake nema, sai a sa lantarki ya jawo ta ta manne a jikin tsinken, sannan a juya ƙarfin lantarkin ta saki. Gwargwadon wutar da ta gudana lokacin sakin, gwargwadon yawan dalmar. In tsinken ya ƙara faɗin jiki, sai ya ƙara iya kama ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

To, ina ruwan talaka da wannan? A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar na sauka kan tuwo da tabarma. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi aiki da wata 'yar na'urar hannu mai suna LeadCare II, wadda ke bin wannan dabara ta mannewa da saki, ko da yake ba bututun kabon ne a tsinkenta ba. Iyakar abin da take iya karantawa mikirogiram 65 ne a kowace desilita ta jini. Yara da yawa sun zarce wannan iyaka, har sai da aka riƙa sirka jininsu kafin na'urar ta faɗi adadi. Na'urar daga waje ta zo, tsinkayenta ma daga waje. Garin Bagega bai samu an kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba sai 2013. A 2015 kuma bala'in ya sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Muna tambaya: a tsawon waɗannan shekaru, ina tsinken da ya fito daga ɗakunan gwajinmu?

Ba mu ce ba a yi rubutu ba. An yi, har ya ishe mu. Malami ya sayo garin bututun daga ƙetare, ya shafa a tsinke, ya auna dalmar da shi da kansa ya zuba cikin tataccen ruwa, ya buga takarda, ya samu ƙarin girma. Ruwan rijiyar ƙauye kuwa yana ɗauke da laka da tagulla da ƙarfe, jini yana da sinadaran da ke toshe fuskar tsinke, zafin bazara na sauya awo. Wanda bai gwada kayansa a nan ba, me ya gwada?

Kada kuma a ruɗe mu da sunan bututun kamar laya. A 2006 Richard Compton da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun nuna cewa wani ɓangare na bajintar da ake jingina wa bututun, aikin ɓurɓushin ƙarfe ne da ya saura a cikinsa tun wajen ƙira. Su da suka mallaki masana'antar suna tuhumar kayansu. Mu da muke saye da dala sai tafi kawai.

Akwai masu cewa ƙasar da ke fama da yunwa ba ta da lokacin irin wannan bincike. Wannan magana ce ta wanda ke kai ɗansa asibitin Landan. Uwar da ke Bagega ta fi kowa bukatar a gaya mata, a ranar, abin da ke cikin jinin ɗanta.

Abin da muke nema daga majalisun jami'o'inmu shi ne kada a ƙara karɓar kundin digiri a kan irin wannan ma'auni sai an gwada shi da ruwa da ƙasar wuraren haƙar ma'adinai, an kuma kwatanta sakamakon da na babban ɗakin gwaji. Ɗaliban kimiyyar haɗa sinadarai da na likitanci da na injiniya su zauna a teburi ɗaya. Mu kuma, ƙungiyar ɗalibai, a shirye muke mu ɗauki kwalabe mu tafi ɗebo samfurin a hutun da ke tafe, in har sashe zai ba mu mota da malamin da zai raka mu.